Tabar wiwi da ciwon hanji: abin da dokar Gana ta halatta, da abin da gwajin likitoci ya nuna

Tun daga watan Yulin 2023, lokacin da majalisar dokokin Gana ta sake amincewa da noman wani nau'i na tabar wiwi domin masana'antu da haɗa magani, ake yawo da wata magana a zanguna: wai Gana ta halatta wiwi, yanzu ta zama magani. Maganar ba ta tsaya a Akra da Kumasi ba. Ana jin ta a arewa, a garuruwa irin su Salaga da Yendi da Bawku, inda 'yan kasuwa da direbobi ke shiga da fita tsakanin Gana da Togo da Burkina Faso.

Cikin waɗanda maganar ta fi jan hankalinsu akwai masu fama da ciwon ciki mai daɗewa. Mutum ya yi wata da watanni yana zawo da jini da majina, ya sha jiƙo, ya sha tsimi, ya sha ƙwayoyin kemis, ga rama, ga rashin barci. Irin wannan mutum in aka ce masa ga magani, da wuya ya tsaya dogon bincike. To shin wiwi na warkar da ciwon hanji? A taƙaice, gwaje-gwajen da aka yi sun nuna tana iya rage wa wasu zafin ciwo, amma ba su nuna tana warkar da gyambon da ke cikin hanjin ba. Haɗarin kuwa yana cikin wannan ɗan sauƙin da ake ji.

Me dokar ta ce?

A watan Maris na 2020 majalisar dokokin Gana ta zartar da sabuwar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mai lamba 1019, wadda ta maye gurbin dokar 1990, ta kuma kafa hukumar NACOC. Sashe na 43 na dokar ya bai wa ministan cikin gida ikon ba da lasisin noman wiwi, bisa shawarar hukumar, da sharaɗi biyu. Na farko, kada sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa, ya wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshiyar shukar, wato giram 3 a cikin kilo guda. Na biyu, a noma ta domin zare, ko iri, ko haɗa magani.

A watan Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, saboda ba a bi ƙa'idar tsarin mulki wajen shigar da shi cikin dokar ba. Shekara guda bayan nan majalisa ta yi gyara ta maido da shi, sannan a ƙarshen 2023 aka fitar da ƙa'idojin ba da lasisi.

Ke nan abin da aka halatta noma ne na mai lasisi, kuma na wani iri da ba ya bugarwa. Wiwin da ake sayarwa a ƙulli a bayan tasha ba ta cikin lissafin, domin THC ɗinta ya ninka wannan iyaka sau da yawa. Riƙe ta da shan ta laifi ne har yau. Abin da ya sauya shi ne hukuncin wanda aka kama da ita don shan kansa: a da ɗauri ne na shekaru, yanzu tara ce daga sidi 2,400 zuwa 6,000, wanda ya kasa biya kuma ya tafi kurkuku. Noma ba lasisi da fatauci suna nan da hukuncinsu mai tsanani. Kazalika duk wani mai ko ruwan magani da aka ce daga wiwi aka haɗa shi, sai ya samu rajistar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, kafin a sayar da shi a matsayin magani.

Wace cuta ake magana a kai?

Cutar da aka fi danganta wiwi da ita ita ce kumburin hanji mai daɗewa. A takardun asibitin Gana da Najeriya ana rubuta ta IBD, a Togo da Burkina da Nijar kuma MICI. Iri biyu ce.

Ta farko tana kama babban hanji ne kaɗai. Tana farawa daga dubura ta yi sama, tana saɓule fatar cikin hanjin, shi ya sa mai ita ke zawo da jini da majina, yana zagayawa sau da yawa dare da rana. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a birnin New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, kuma tana cin kaurin hanjin gaba ɗaya, har ta tsuke shi, ko ta huda wata hanya da ke yoyo.

Ba a ɗaukar waɗannan cututtuka daga wani. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta riƙa kai wa hanjin mai ita hari. Sukan fara bayyana tsakanin samartaka da shekara talatin da wani abu, su tashi, su lafa, su sake tashi. Babu maganin da ke kawar da su kwata-kwata, amma akwai masu kashe kumburin har mutum ya yi shekaru lafiya lau: sulfasalazine ko mesalazine, prednisolone na ɗan lokaci idan ciwon ya tashi, azathioprine, da allurai masu tsada irin su infliximab, wanda aka fara amfani da shi kan cutar Crohn a 1998. Tsadar waɗannan magunguna da wahalar samun su na daga cikin abin da ke tura mutane neman wata mafita.

Me ya sa aka yi zaton wiwi za ta yi aiki?

Zaton yana da tushe. A 1964 masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware sinadarin THC daga shukar. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa jikin ɗan Adam yana da wasu wurare da wannan sinadari ke kamawa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo, kuma jikin da kansa yana sarrafa sinadarai makamantansa. Irin waɗannan wurare suna nan a ƙwaƙwalwa, da jijiyoyin hanji, da ƙwayoyin garkuwar jiki. Idan THC ya kama su, motsin hanji yakan ragu, tashin zuciya ya kwanta, sha'awar abinci ta dawo, zafin ciwo ya dushe. Akwai kuma sinadari na biyu, CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma a gwajin da aka yi da ɓeraye ya rage kumburin hanji.

Wasu magungunan da suka fito daga wannan ilimi sun samu karɓuwa. Tun 1985 Amurka ta amince da dronabinol, wato THC da aka haɗa a masana'anta, domin aman da maganin ciwon daji ke haddasawa. A 2018 ta amince da Epidiolex, ruwan CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani a yara. Ciwon hanji ba ya cikin cututtukan da aka amince da waɗannan magunguna a kansu.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Likitar da ta fi bin diddigin wannan batu ita ce Timna Naftali, ta asibitin Meir a Isra'ila. A 2013 ta wallafa gwajin da ta yi da mutum 21 masu cutar Crohn da magunguna suka gaza musu. Mutum 11 sun sha sigarin wiwi sau biyu a rana tsawon mako takwas, sauran 10 kuma aka ba su irin ganyen da aka cire wa THC. A rukunin farko mutum 10 sun samu sauƙi, a na biyu mutum 4. Sun fi cin abinci, sun fi samun barci. Sai dai awon jinin da ke nuna kumburi bai sauya ba, kuma babban abin da aka shirya gwajin domin tabbatarwa, wato lafawar cutar gaba ɗaya, adadin bai kai a kafa hujja da shi ba.

Akwai abin lura a nan ga mai karatu a Gana. Wiwin da aka yi wannan gwaji da ita tana da THC kashi 23 cikin 100, fiye da ninki 70 na iyakar da dokar Gana ta yarda a noma. Da aka gwada CBD shi kaɗai, ɗan kaɗan, a kan wasu masu cutar Crohn a 2017, ba a ga wani amfani ba. A Birtaniya ma, a 2018, an gwada wani haɗi mai yawan CBD a kan mutum 60 masu gyambon babban hanji. Waɗanda cutar ta lafa musu kashi 28 cikin 100 ne a masu shan haɗin, kashi 26 a waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba komai a cikinta. Da yawa daga masu shan haɗin sun kasa jure shi saboda jiri da makamantansa.

A wannan shekarar ta 2018, ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci tana auna ingancinsu, ta duba duk abin da aka yi: gwaji uku da mutum 93 kan cutar Crohn, gwaji biyu da mutum 92 kan gyambon babban hanji. Ta ce ba za a iya yanke hukunci kan amfani ko amincin wiwi da wannan ɗan adadi ba. A 2021 Naftali ta sake wani gwaji da man wiwi a kan mutum 56, wannan karon aka leƙa cikin hanjinsu da kyamara kafin a fara da kuma bayan an gama. Masu shan man sun ce sun ji daɗin jikinsu. Kyamarar kuwa ba ta nuna gyambonsu ya warke fiye da na sauran ba.

Faransa, da ta fara gwajin ba marasa lafiya wiwi a hannun likita a watan Maris na 2021, ta zaɓi larurori biyar ne: ciwon jijiya da ya gagari magani, farfaɗiya mai tsanani, wasu wahalhalun masu ciwon daji, kula da waɗanda cuta ta kai su ƙarshe, da sanƙarewar gaɓoɓi mai zafi. Kumburin hanji ba ya ciki.

Ina haɗarin yake?

Mutanen Salaga, garin da ya yi suna da cinikin goro tun zamanin fatake, sun san goro na iya yin kyau a ido alhali sankara ta cinye cikinsa, sai an fasa ake sani. Haka hanji yake. Zafin ciwo shi ne ke tashin mutum ya nufi asibiti. Idan wani abu ya danne zafin ya bar kumburin, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Mai ciwo zai ga kamar ya warke, ya ajiye maganinsa, gyambo kuwa na ci gaba da ci ta ƙarƙashi, har ranar da hanjin zai toshe ko ya fashe. Kumburin babban hanji da aka bari shekara da shekaru yana ƙara haɗarin ciwon daji a wurin.

Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya tambayi masu kumburin hanji 313 a Kanada, ya gano cewa masu cutar Crohn da suka sha wiwi fiye da wata shida sun fi sauran kaiwa ga tiyata da kusan ninki biyar. Wannan bai tabbatar da cewa wiwi ce ta jawo ba, domin mai yiwuwa waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne suka fi neman ta. Amma ya nuna ba ta tsare su daga wuƙar likita ba.

A yankinmu, sau da yawa wata cutar ce daban

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu a Salaga ko Yendi ko Bawku, ko Dapaong ko Tenkodogo. Kumburin hanji irin na garkuwar jiki yana nan a Afirka ta Yamma, likitocin asibitin Korle Bu a Akra sun ba da rahoton masu shi, amma 'yan kaɗan ne. Mafi yawan masu zawo da jini ko ciwon ciki mai daɗewa a ƙasashenmu, wani abu ne daban ke damun su, kuma galibi mai warkewa ne.

Akwai atuni, ko na ƙwayar amiba ko na bakteriya, wanda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma magani na 'yan kwanaki ke kashe shi. Akwai tsargiya irin mai kama hanji, a masunta da manoman rani da yaran da ke wanka a rafi, maganinta praziquantel. Akwai tarin fuka da ke sauka a hanji, wanda ya yi kama da cutar Crohn har yakan rikita ƙwararrun likitoci, maganinsa na wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnatin Gana. Akwai gyambon ciki, wato olsa, wanda sau da yawa ƙwayar Helicobacter pylori ke haddasawa, ana kashe ta da haɗin magunguna na kimanin mako biyu. Akwai taifot, mai iya huda ƙaramin hanji. Akwai basir. Akwai kuma ciwon dajin babban hanji, wanda mutane kan daɗe suna kiransa basir ko ɗankanoma har lokaci ya ƙure.

Wiwi ba ta kashe ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarta ta rage murɗawar ciki, ta jinkirta ranar da za a gano sunan cutar. Irin wannan kuskure yana faruwa da magungunan kemis ma. Wanda ya sayi prednisolone da kansa alhali amiba ko tarin fuka ke cin hanjinsa, ya ƙara wa wuta fetur. Haka diclofenac da ibuprofen suna tayar da olsa, suna kuma iya tayar da kumburin hanji.

Illolin da ba a cika faɗa ba

Wiwi da kanta tana haddasa ciwon ciki. A 2004 likitoci a Ostareliya suka bayyana wata larura a masu shan ta kullum na tsawon lokaci: amai babu ƙaƙƙautawa, da ciwon ciki, yana tafiya yana dawowa, mai shi ba ya samun sauƙi sai in yana wanka da ruwan zafi. Da yawa sukan ƙara shan wiwin don su tsayar da aman, alhali ita ce sanadi. Maganin larurar shi ne daina sha.

Sai batun ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, a biranen Turai da Brazil, ya nuna masu shan wiwi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba fuskantar taɓin hankali da kusan ninki uku, idan mai ƙarfi ce kuma kusan ninki biyar. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnatin Gana, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, nesa da iyalin da ke Bawku. Matasa, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda akwai taɓin hankali a danginsa, su ne haɗarin ya fi kusa da su. Wiwin kan titi kuma ba a san ƙarfinta ba, ba a san me aka fesa mata ba, kuma ana yawan cakuɗa ta da taba, ga shi taba sigari na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna tsananta cutar Crohn. Shi kansa CBD, idan ya yi yawa yakan taɓa hanta, kuma yana karo da wasu magunguna.

Ta fuskar addini, hukuncin abin maye sananne ne a wurin mafi yawan masu karatu. Batun lalurar magani kuwa, malamai kan gina shi ne a kan shaidar amintaccen likita cewa abin yana da amfani kuma babu madadinsa. A ciwon hanji, wannan shaidar ce ba a samu ba tukuna.

Idan aka tsallaka iyaka fa?

Daga Bawku zuwa Cinkassé a Togo, ko Bittou a Burkina Faso, tafiya ce ta ɗan lokaci. Daga Yendi ana bi ta Tatale a shiga Togo. Dokar Gana kuwa tana tsayawa ne a bakin iyakarta. A Togo da Burkina da Benin da Nijar da Najeriya wiwi haramtacciya ce, kuma jami'an OCRTIS a Nijar ko na NDLEA a Najeriya ba za su saki mutum don ya ce magani ya ɗauko wa mahaifiyarsa ba. Kwalbar man da aka rubuta CBD a jikinta ma tana iya jawo wa mai ita tsarewa.

Gaskiya ne duniya na sauyawa. Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021. A watan Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga jerin mafi tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, domin a sauƙaƙa bincike da amfani da ita a likitance. Amma ya bar ta a jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido sosai, kuma kowace ƙasa da dokarta.

Me mai ciwo zai yi?

Duk wanda zawo ya wuce masa mako biyu, ko ya ga jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, ya fara da asibitin da ke kusa da shi: na gwamnati a Salaga ko Yendi, ko na Presbyterian a Bawku. Ya nemi a auna bayan gidansa da jininsa, ya tafi da katin inshorar lafiya idan yana da shi. In an ba da magani an gama sha ciwon bai tafi ba, ya koma ya nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Tamale, mai nisan kusan kilomita 120 daga Salaga, kusan 100 daga Yendi. A irin waɗannan asibitoci ne ake leƙa hanji da siririyar roba mai kyamara, a ɗebo ɗan tsoka a auna. Da wannan awon ake raba kumburin garkuwar jiki da tarin fuka da ciwon daji.

Ya tafi da kwalayen duk abin da ya sha, na kemis da na gargajiya. Idan yana shan wiwi, ko a hayaƙi ko a shayi ko a alewa, ya faɗa wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sanin hakan na iya sauya fassarar alamomin da kuma maganin da za a rubuta. Wanda aka riga aka tabbatar yana da IBD ko MICI, kada ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi, sai likita ya duba ya ce kumburin ya kwanta.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: jini mai yawa ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ciki ya kumbura ya yi tauri ba ya taɓuwa, zazzaɓi mai zafi tare da ciwon ciki, amai da ba ya barin ko ruwa ya zauna, ko jiri da suma. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi abin hawa a kai shi asibiti nan take.